Bunu da 'Ya'yan Ƙirya

Bunu masassaƙi ne, ni kuma mai amalanke. Shekara ashirin da 'yan kai ina ɗaukar masa turame daga ƙauyenmu na karkarar Yekuwa zuwa kasuwar Magariya. Bana da bazara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa yin aboki irinsa ba.

Da ƙirya yake aiki, don turminta ba ya tsagewa. Muna yara daji ne tun daga bayan gari har iyaka. Yanzu gonaki sun cinye shi, sai ɗan guntu nan, ɗan guntu can. Bunu ya san adadin ƙiryar da ke kowane guntu. A kan hanya yakan nuna mini: bakwai a tudun can, uku a bayan maƙabarta, gefen fadama ko ɗaya babu.

Mahaifinsu ya bar wata saura da ba a nomawa, da tsofaffin ƙirya tara a ciki, gonaki sun kewaye ta ko ta ina. Abin da ya dami Bunu shi ne babu ƙarama ko ɗaya a ƙarƙashinsu. Kowace shekara 'ya'ya suna zuba, amma ƙwallon ya cika tauri, ba ya tsirowa. Ƙanana sai a bakin burtali, inda shanu suke bi. Ya ce mini sai ƙwallon ya ratsa cikin saniya tukuna yake farkawa. Burtalin da yake bi ta saurar kuwa an daɗe da nome shi, ya shige gonar wansa Sadisu.

Tare muka je roƙo.

"Yaya, bar mini faɗin saniya biyu kawai, su riƙa wucewa bayan girbi."

"Yau saniya biyu, gobe garke," in ji Sadisu. "Baki goma sha ɗaya ke cin geron nan. Ƙiryarka tuwo take yi?"

"Daddawa dai take yi."

"To, ka sha miyar zalla."

Sadisu ba mugu ba ne, gaskiyarsa ya faɗa. Daga ranar Bunu ya daina sara a saurar. In ya sare babu mai maye gurbi, in bai sare ba babu turmi. Sauran ƙiryar yankin duk suna cikin gonakin mutane. Ya koma sassaƙa ƙota da gyaran tsofaffin kujeru, ga 'ya'ya mata uku a gida.

Wata safiya ya zo mini da buhun 'ya'yan ƙirya.

"Abokina, ara mini cikin sanka."

"Sa nawa injin niƙa ne?"

"Shi ke nan, to kai ka ci."

Na bar masa san ya ci 'ya'yan. Mako guda yana bin sa da tsohuwar ƙwarya, yana kwashe kashinsa. Matarsa Hinda ta ce, "Malam, in za ka shigo gidan nan ka bar ƙwaryar a waje, kai ma ka tsaya tare da ita." Ya yi dariya, ya je ya binne a ramuka arba'in cikin saurar. Damina ta sauka, huɗu suka fito. Ya yi musu shinge da ƙaya saboda awaki, rani biyu yana kai musu ruwa a jarka daga rijiya.

Tari ya kwantar da shi a rani na uku. Duk sanda na je dubiya, kafin in zauna sai ya ce, "Ka leƙa su?" Ni nake kai wa tsiron ruwa har ya rasu.

Bunu kaɗai ne dama yake hana a taɓa saurar. Bayan sadakar arba'in aka raba, wajen da tsiron suke ya faɗa hannun Safwan ɗan Sadisu, wanda ya yi iyali ba shi da gonar kansa. Na same shi yana sassabe, ya riga ya kwashe shingen.

"Safwan, ƙanen mahaifinka ne ya shuka waɗannan."

"Na sani, Baba. Zan kiyaye, amma garma ba ta da ido."

Biyu garmar ta tafi da su. Biyu suna nan a tsakiyar gero, tsayinsu bai wuce gwiwa ba. Gonar ba tawa ba ce, daga bakin iyaka nake hango su. Gero ya fara nuna, da an girbe za a saki awaki. Sau uku ina roƙon Safwan ya bar ni in mayar da ƙayar, kullum sai ya ce bari ya ji ta bakin babansa.