Ɗakin da Kwali Ya Cinye

Da asuba, kafin shaguna su buɗe, Tsoho yana bayan kasuwa yana farke kwalaye da guntuwar wuƙa, yana jera su a amalanke. Haka na san shi. Ni ne kan injin matse kwali a ma'ajiyar da yake kawo kaya. Mu ɗaure dami-dami, mota ta kai bakin teku, jirgi ya wuce da su ƙasashen da ke narkawa su yi sabo.

Masu kawo kaya da yawa suna yayyafa ruwa a tsakiyar kwali don ya yi nauyi a sikeli. Tsoho ba ya yi. Ya ce ba kirki ba ne, bayansa ne ba zai iya ba.

"Ɗana, har ruwa sai na turo muku? Ni jaki ne?"

"Jaki ma yana hutu, Baba."

"Shi ya sa ya fi ni ƙiba."

Wata safiya manaja ya tara mu a bakin sikeli, waya a hannu. Ya ce ƙasar da ta fi kowa saye ta rufe ƙofa, wai kayan da ake aika mata jiƙaƙƙu ne, suna isa da ruɓa. Ta biyu tana saye, amma wajen maƙwabtanta. Ta uku nata ma ya yi mata yawa.

Tsoho ya ce, "Nawa busasshe ne. Ka gaya musu."

Manaja ya ce, "Baba, jirgi bai san naka da na wani ba."

Ma'ajiya ta daina saye, kowa ya watse neman wani abin yi. Tsoho bai iya komai ba sai kwali, don haka bai daina ba. Ya ce duniya ba za ta rabu da kwali ba, za su dawo. Ya riƙa tarawa a ɗakin da yake haya da matarsa, mai fama da tari. Kwali ya hau bango, ya kai rufi, ya matse gado. Ɓeraye suka tare, kyankyasai suka biyo baya.

Mai gidan ya leƙo, ya riƙe baki. Ya ce ashana ɗaya ta isa ta cinye masa gida. Ko kwali ya fita kafin ƙarshen wata, ko su fita tare.

Tsoho ya zo ya same ni, wai in matse masa kayan su ƙanƙance, ya tura ƙarƙashin gado. Na nuna masa injin. An yanke wuta, an rufe shi da tamfol. Ya juya ya koma gida.

Ranar da motar shara ta zo unguwarsu, na je na kama masa. Ban ba shi haƙuri ba, haƙuri ba ya ɗaukar kaya. Matar tana zaune bakin ƙofa.

"Malam, yau dai kishin kwali ya ƙare. Zan miƙe ƙafa."

Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta.

Sai da ɗakin ya zama fayau muka ga gilashin taga ya daɗe da fashewa, tulin nan ne ke tare iska. Motar ta fara tafiya. Tsoho ya bi ta yana ɗingishi, ya fizgo kwali ɗaya mai kauri, ya auna shi da taga, ya yanka, ya toshe.