Bahijja da Numfashin Gwaggo

A Kabara in ka ce Bahijja mai sola, ko akuyar unguwa ta san gidan. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, a gabana ta girma. Mahaifinta Malam Auwalu mai gyaran rediyo ne a Jakara, mutumin da tun da nake ban ga ya yar da ko guntun waya ba. Yana da wani gwangwanin madara cike da 'yan ƙarafan da ya ciro daga matattun rediyoyi, kuma da su Bahijja ta yi wasan ƙuruciya, sa'o'inta suna can suna ɗinkin 'yartsana. Da ta gama karatun kwamfuta muka zaci ofis za ta nufa. Ina! Sai ga ta a kan rufin mutane da hijabinta tana jan waya. Mun yi surutu har muka gaji, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Bara huhun Gwaggo Hassana, yayar Malam Auwalu, ya gaza. Aka sallamo ta daga asibiti da injin oksijin wanda ba a so ya tsaya. Bahijja ta haɗa mata batir da inbata, amma ba kamfani ɗaya ya yi su ba, ba sa jin maganar juna, kuma inbatar nan in ba ta ji daga batir ba kashe kanta take yi. Sai ta sa wata 'yar kwamfuta mai manhajar Linux a tsakaninsu ta zama tafinta, ta wasu wayoyi biyu da ake kira CAN.

"Inna 'Yardada, kamar lugude ne," ta ce da ni. "Mata biyu a turmi ɗaya, in ɗaya ta yi jinkiri sai taɓarya ta bugi taɓarya. Akwai manhaja a ciki, direba ake ce mata, ni ke faɗa mata saurin bugun."

Na ce to, ban gane ba, amma na san lugude.

Wata Alhamis bayan azahar, ana zafin nan mai sa mutum ya tsani rigarsa, aka ɗauke wuta. Inbata ta yi ƙara, ta nuna ja, injin Gwaggo ya yi shiru. Ihun kiran sunana na ji na shigo ko takalmi babu. Bahijja ta jona wa Gwaggo ƙaramar tukunyar oksijin ta ko-ta-kwana, amma allurar ma'auninta ta kusa ƙasa, kuma lungunmu ko keke napep ba ya shigowa. Gwaggo tana jan numfashi kamar mai zuƙar koko da kara, idonta a kanmu.

Bahijja ta durƙusa da laftof a cinya. Batir cike yake, wayoyi lafiya, amma saƙonnin kuskure sai zubowa suke. Ta sake saita saurin da ta saba, bai karɓa ba. Ta haska allon 'yar kwamfutar da fitilar waya, sai ta tsaya cak. Akwai sabuwar dalma a ƙafar wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙwayar wake.

"Baba, wa ya taɓa kiristal ɗin nan?"

Malam Auwalu yana bakin ƙofa, carbi a hannunsa.

"Ni ne. Da safe ana shara allon ya faɗo, ƙafarsa ta karye. Na duba gwangwanina na samo irinsa sak, na ce kar in dame ki."

Ɗan ƙarfen nan shi ke ƙirga bugun. Na asalin mai lamba sha shida ne, wanda ya sa mai lamba takwas ne, amma girmansu ɗaya. Da yake akwai wuta da safen, babu wanda ya lura. Ni dai na buɗe baki zan sauke masa kwandon masifa, Bahijja ta ɗaga min hannu ba tare da ta waigo ba.

Wani kiristal sai an je Sabon Gari, allura kuwa ba za ta jira ba. Ta cije leɓe ta ce, "Direban yana zaton sha shida ne, shi ya sa duk abin da na nema rabinsa ke fita. Bari in nemi ninki."

Ta rubuta, ta danna. Shiru. Gwaggo ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Sai ja ya koma kore, injin ya yi tari ya ci gaba da gurnaninsa. Na zauna daɓas a ƙasa na fashe da kuka.

Bahijja ba ta yi wa mahaifinta ƙorafi ba, ko a ranar ko bayanta. Washegari na leƙa da kunun Gwaggo, na tarar da shi zaune a tabarma, ya juye gwangwanin madarar a gaban Bahijja. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana karanta lambar da ba ta kai ƙwayar gero ba, yana miƙa mata ƙarafan ɗaya bayan ɗaya.

"Karanta min, uwata," ya ce. "Na daɗe ba na ganin lambobin, da hannu nake zaɓa."