Alƙur'anin Mahaifinmu a Kotun Damagaram

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar yayana, Malam Ari, kuma har yau ban warware abin da ya bar mini ba. Zan faɗe shi bi da bi.

Da farko, zamanin Faransa. Kumandan, Baturen da ke mulkin Damagaram, ya ce gwamnatinsa ba ruwanta da addini, amma manoman Guna da Dogo in sun kawo rikicin gona, ba sa yarda da shaida sai an rantse. Sai aka ɗauki Yaya mai rantsarwa a kotu. Ya kai Alƙur'anin da mahaifinmu ya rubuta da hannunsa, cikin gafakarsa ta jar fata. Shi ke duba ko mai shaida ya yi alwala. Wasu a unguwarmu suka daina bin sa salla, suna cewa ya kai Littafi gidan Nasara.

Sai aka samu 'yancin kai. Muka ɗauka magana ta ƙare, tunda masu salla ne suka hau kujeru. Aka ce mana kuma sabuwar jamhuriya ita ma ba ta da addini. Rantsuwa kuwa ba a fasa ba.

Daga baya ƙarfinsa ya ragu, ya ajiye aiki. Na raka shi ɗauko Littafin. Magatakardan kotu ya nuna mana hatimin da aka buga a jikin gafakar tun zamanin kumandan.

"Baba, wannan kayan gwamnati ne."

Yaya ya kira shi yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, ya ce, "Mushe, gwamnatin da ba ta da addini?"

"Ita dai."

"To me take yi da Alƙur'ani? Ko alwala ba ta da ita."

Magatakarda ya mayar da Littafin cikin kabad. Muka je fadar Sarki, aka ce harkar kotu ce. Muka koma kotu, aka ce maganar Littafi ta malamai ce.

Yau ina jin matasa a rediyo suna gardama, wasu na cewa a raba addini da mulki, wasu a haɗa. Da Yaya na nan, da ya tambaye su a wane gefe kabad ɗin nan yake. Ni ban sani ba. Ban ma sani ba ko Allah Yaya ya yi wa aiki shekarun nan ko kumandan. Shi kansa ya rasu yana tambaya.

Abin da ya rage nasa shi ne wasiyya ɗaya: in karɓo rubutun mahaifinmu. Na rubuta takardar roƙo sau huɗu, ba a ba ni shi ba. Ta biyar tana gabana, kuma har yanzu ban san sunan wa zan sa a samanta ba.