Tulun Inna a Bayan Doguwar Mota

Dei-Dei, biyar da rabi na asuba

Ina sallame salla na tayar da tsohuwar a-kori-kurar da Baba ya bari. Ta yi tarinta sau biyu, sannan ta kama. Maganar Inna ce ta fito da ni. Mahaifiyata maginiyar tukwane ce a wani ƙauye bayan Kwali, kuma damina biyu ke nan motar nan ta kasa haye rafin garinsu, tukwane suna jibge a rumfa ba su ga kasuwa ba. Ta ce in bana ma haka ne, ta ajiye yumɓu ke nan. Ni kuwa ban taɓa sanin hannun Inna ba yumɓu ba.

Ko dai in kai motar Baba gareji a ɗaga ta, ko in ba da ita in ɗauki wadda aka riga aka gyara don daji. Gaskiya zuciyata ta riga ta zaɓa. Wata guda ina mafarkin wata koriyar mota da na gani a Masaka.

Masaka, bakwai da kwata

Cunkoson Nyanya duk na masu shiga gari ne, na wuce salin-alin. Na sha shayi da burodi na naira dubu ɗaya ina kallon koriyar motar: tayoyi har ƙuguna, fitilu a ka, ga bututun shan iska a gefen gilashi. Dillalin, Alhaji Sabo, Bakano ne mai faɗin murmushi.

"Oga, wannan ai raƙumi ce," in ji shi.

"To mu je Kwali tare, Alhaji. In ta haye rafi, an yi ciniki."

Ya yarda, mai a kaina.

Hanyar Lokoja

A shingen Giri har sara mini aka yi, ni da aka saba ce wa "faka can". Daga wannan tsayin duniya daban take. Ina hango bayan gonakin masara, hadari yana tafe a hankali kan duwatsu, har na fara ganin Inna a kujerar gaba, muna ta hawa wasu tsaunuka da ban san sunansu ba. Kowane rami sai ƙuguna ya amsa, amma so hana ganin laifi.

Kwali, sha ɗaya saura kwata

Muka sayi gasasshiyar masara, muka bar kwalta. Kilomita goma sha huɗu na laka, sai ga rafin, jajir, ya cika ya batse. Motar ta shiga ta fita kamar ta taka tabarma. Daɗi ya kashe ni.

Inna ta zagaya motar sau ɗaya. Ta ɗauko sabon tulu, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi wani amo siriri mai daɗewa a kunne. Ta shimfiɗa ciyawa a baya, ta kwantar da shi ta ɗaure.

"Ku kai shi bakin kwalta ku dawo. Haka babanka ya gwada tasa."

Muka je muka dawo. Na sauko da tulun ina washe baki. "Inna, ko ƙwarzane babu."

Ta ƙwanƙwasa. Ɓas, kamar an bugi jiƙaƙƙen icce. Ta zuba ruwa a ciki, muka tsaya muna kallo har wani siririn layi ya fara tsatsafa daga wuya zuwa gindi.

"Hajiya, sifirin ƙarƙashinta ne aka ƙara wa tauri saboda duwatsu," in ji Alhaji Sabo.

"To ta ɗauki duwatsu, ɗana."

Kunya ta kama ni, don ni ne ɗan maginiya, amma ido na bi na manta da kunne. Huɗu da rabi muna Masaka, na karɓi makullin motar Baba ina ba ta haƙuri a zuci. Kafin magariba na miƙa ta gareji: a ɗaga ta yatsa huɗu, a sa tayoyin laka, sifirin kuwa kada wanda ya taɓa.

Bayan mako biyu

Na sake fita biyar da rabi da motar Baba. A rafin ba ta yi abin burgewa ba. Ta shiga tana nishi, ruwa ya jiƙa mini takalma, ta yi jim a tsakiya har na fara salati, sannan ta hau gaɓa a hankali irin tafiyar tsofaffi. Inna ta ɗora tulu, na kai bakin kwalta na dawo. Wannan karon na miƙa mata kawai.

Ta ƙwanƙwasa, ta karkata kai tana saurare har amon ya ƙare. Sai ta shige bayan ɗaki. Da na leƙa, ruwa take kwarara wa busasshen yumɓu.

Ƙarfe biyar na iso Dei-Dei da tuluna goma sha biyu. A ƙofar gida na bi su ɗaya-ɗaya da yatsa, kowanne ya amsa. Alhamdu lillahi da ya kai ni ya dawo da ni, Allah Ya jiƙan Baba, Ya saka wa Alhaji Sabo da ya yi asarar yini bai ɓata rai ba.