Dariyar Bayan Danga

Kaka ce, hatsi ya yi kyau, amma gidanmu tsit, don tun da ɗiyata ta tashi daga zazzaɓi ba ta ƙara dariya ba. Na yi tatsuniya, na yi waƙa, a banza. Rannan na jiyo ta tana ƙyalƙyalawa a gidan maƙwabciya, ana kallon tsohon kaset na barkwanci. Na leƙa, hoton ma ya dushe, wani ne ke hawan jaki yana kallon wutsiya.

Maƙwabciyar ta ce, "Yaya, bar mini ita, nan za ta warke."

Na yi godiya, amma raina ya sosu. Ni na yi jinya, baƙon cikin tele ya samu dariyar. Da safe na kwanto jakinmu, na kira ɗiyata, na hau a juye.