Bakin Bindigar Vernon Tackett

Vernon Tackett bai taɓa yin soja ba, ko da yake da yawa a garin suna zaton ya yi. Makanikin tarakta ne, kamar ubansa, a wani ƙaramin gari na gabashin jihar Oklahoma. Ubansa ne ya ba shi bindigarsa ta farko, ta harbin zomo. Kafin ya sakar masa ita sai da ya dafa bakinta ya danna shi ƙasa, ya ce, "Wannan bakin ba ya kallon mutum, ko da harsashi ko babu." Da wannan magana Vernon ya girma, da ita ya tsufa.

Da bayansa ya daina yarda da kwanciya a ƙarƙashin tarakta, sai ya nemi takardar koyar da harbi. Ya share fili a bayan gida, ya tara tudun ƙasa a ƙarshensa don tare harsashi, ya kafa rumfar kwano da dogon benci. Kowace Asabar masu neman lasisin ƙaramar bindiga suna zuwa: nas-nas, direbobin manyan motoci, da matan da mazansu suka rasu suka bar su a gonaki su kaɗai. Matarsa Darlene takan dafa musu kofi, ta soya tarwaɗa da tsakar rana. A wancan zamanin ba a harba ko ɗaya kafin a ci abinci. Safiyar duka magana ce a kan bakin bindiga, da cire yatsa daga kunamar bindiga, da cewa in akwai hanyar gudu to gudun ya fi. Wanda ya bari bakin bindigarsa ya gifta ta kan mutum, ranar gida zai koma. Har faston cocinsu ya taɓa korawa, kashegari kuma Vernon ya zauna a layin gaba ya saurari wa'azinsa.

Darlene ta rasu. Jihar kuma ta ce ba dole sai da lasisi za a riƙe bindiga ba, sai benci ya fara zama wayam. Akwai Asabar da ba kowa sai Misis Opal Henshaw, tsohuwar ɗalibarsa, wadda ta karɓi dafa kofin ba tare da an roƙe ta ba.

A shekarar ne 'yarsa Rhonda ta dawo daga Tulsa bayan aurenta ya mutu. Ta dubi bencin, ta dubi takardar tallan da ya manna a shagon abincin dabbobi, wadda rana ta cinye rubutunta.

"Baba, wannan ko shanun ba sa karantawa," ta ce. "Bidiyo ake yi yanzu, ɗan gajere, a waya. In ba mu yi ba, kafin Kirsimeti sai ka rufe."

Ya san gaskiya ta faɗa, kuma bai san abin da zai yi da ranar Asabar ba in ya rufe. Ya yarda.

Ta rataya tuta a jikin rumfa, ta sa masa sabuwar hula, ta koya masa abin da zai ce: 'yancinka a hannunka yake, kada ka jira wani ya zo ya cece ka. Ya faɗa, ya sake faɗa, har bakinsa ya bushe. Bidiyon farko mutanen coci ne kawai suka kalla.

"Kamar mai sanar da jana'iza kake," in ji Rhonda. Ta nuna masa na wasu. Duka iri ɗaya: ƙato ya zaro bindiga daga ƙugu, ya saita ta a fuskar mai kallo. "Wannan ake so. Sau ɗaya kawai."

"Wa zai riƙe wayar?"

"Ni mana. Dole in matso a hankali lokacin da kake zarowa."

"A'a."

"Ka cire harsashin, Baba. Ƙarfe ne kawai."

Mako guda ba su sake maganar ba. Asabar ta zo, mutum ɗaya ya yi alkawari, bai zo ba. Shi da Misis Opal suka shanye kofin. Ranar Litinin ya kira Rhonda filin. Ya zare gidan harsashi, ya kai shi mota ya kulle. Ya buɗe bindigar, ya leƙa, ya sa ɗan yatsa ya taɓa, ya nuna mata ta leƙa ita ma. Sannan ya tsaya gaban tuta, ya faɗi maganar 'yanci, ya zaro. Ta saman saitin bindigar ya ga goshin 'yarsa da girarta, irin ta uwarta sak. Ranar bai ci abincin rana ba.

Bidiyon ya bazu. Kafin wata ya ƙare sai da aka aro kujeru daga coci. Mutane suka riƙa zuwa daga nesa, har daga Arkansas, wasu da irin hularsa a kai.

Wata Asabar aka sami wani mai aikin bututun mai, Dwight Pruitt, ya zo da matarsa. Ana hutun kofi, kafin a raba harsashi, matar ta ɗaga waya, Dwight ya zaro bindigarsa ya saita mata yana murmushi. Vernon bai san yana da sauran irin wannan saurin ba. Ya cafke hannun ya danna ƙasa.

"Ɗauki kayanka, Mista Pruitt. Ka gama na yau."

"Haba, tsoho, babu komai a ciki. Duba." Dwight yana dariya, ba da raini ba, kamar mai wasa da kakansa. "Ai kai muke kwaikwayo. An ce ma 'yarka ce ke riƙe da wayar."

Misis Opal ta ajiye butar kofi tana kallon Vernon. Ita ma ya taɓa korar ta, shekarar da mijinta ya rasu, ta tafi tana kuka, ta dawo Asabar ta gaba. Vernon ya buɗe baki. Maganar ubansa tana nan a kan harshensa, amma ya kasa ɗaga ta. Ya saki hannun mutumin.

"Koma ka zauna," ya ce.

Da aka watse ya ce wa Rhonda ta goge bidiyon. Ta goge a gabansa, sannan ta nuna masa inda wasu suka kwafe shi, wani ya sa masa kiɗa, wani ya ƙara hoton gaggafa.

"Ba ya goguwa, Baba. Ka yi haƙuri, ni na sa ka."

"Ke kika ce, ni na ɗaga hannu. Je ki ci abinci."

Har yanzu Vernon yana koyarwa, benci kuma cike yake. Kowace Asabar yakan fara da wayar Rhonda. Ya ɗaga ta su kalli bidiyon, ya ce, "Ku dubi wannan tsohon da kyau. Da a ajina yake, da na kore shi." Sai su yi dariya, don sun ɗauka cikin tallan ne. Wasu kan roƙe shi ya sake tsayuwar su ɗauki hoto tare, ya ce kafaɗarsa na ciwo.

Tun daga ranar da abin Dwight ya faru, Vernon bai sake korar kowa ba. In bakin bindiga ya gifta ta kan mutum, takawa yake yi ya dafa shi ya danna ƙasa, ya wuce wajen na gaba. Da la'asar, in motoci sun tafi, Misis Opal takan wanke kofuna, shi kuma ya jawo kujera bakin layin harbi ya zauna, yana tsince kwanson harsashin da hannunsa zai iya kaiwa. Sauran sai gobe, bayan coci.