Fim Ɗin Da Muka Fara Daga Kashi Na Biyu

Ranar wata Alhamis ce, cikin damanar da na gama aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, muka cunkushe a zauren Malam Ari mai bidiyo kamar buhunan gero. An rataya bargo a bakin ƙofa don kada hasken hantsi ya shigo, injin wuta yana ta ƙugi a bayan katanga, zufa kuwa sai ka rantse wanka muka yi. Kaset ɗin sabo ne, wani direba ya kawo masa daga Yamai. A jikin kwalin an zana bakin wani ƙaton kifi a wangame, haƙora jere kamar na zarto, a ƙasansa kuma lamba biyu ja wur. Abokina Kyari, wanda bakinsa bai iya ajiye magana ba, ya ce, "Malam, ina na ɗayan?" Malam Ari ko kallonsa bai yi ba ya ce, "Na ɗaya yana can inda aka yi shi. Mai kallo ya zauna, mai tambaya ga hanya." Sai ya danna kaset.

Ku tuna fa, 'ya'yan Damagaram ne mu. Rabin rayuwarmu a layin famfo muka yi ta, bido, wato jarka, a hannu, ana faɗa a kan wa ya riga wa. Da allon ya buɗe muka ga ruwa shuɗi har iyakar ganin ido, ba layi, ba mai garuwa ko ɗaya, sai wani yaro a bayana ya ce da ƙarfi, "Kai, wannan asara!" Aka fashe da dariya. Faransancin da ake yi a ciki ya fi ƙarfin namu na lakwal, ɗan abin da za mu tsinta kuma ƙarar inji ta cinye, don haka da ido muka bi labarin. Akwai wata mata mai suyar kifi a bakin teku, da tabo daga gwiwarta har idon sawu, a rumfarta kuma wata rigar namiji tana rataye a ƙusa, ba mai taɓawa. Wani mai kuɗi ya zo da jirgin ruwa yana neman ciro kaya daga wani jirgin da ya nitse. Matar ta tare shi tana nuna ruwa tana ɗaga murya, mutane suka yi mata dariya. Ɗanta saurayi ya saci jiki ya bi jirgin. Daga nan kifin ya fara aikinsa, kuma da farko ba a nuna shi, sai dai wani abu baƙi mai tsini yana tsaga ruwa, mu kuma muna ɗage ƙafafu daga tabarma.

Mu tsofaffin 'yan kallo ne, mun san ƙa'ida. Mai cika baki shi ake fara ci. Mai ba da dariya ana barinsa ya daɗe, sai an shaƙu da shi a ɗauke shi. Mai kuɗi shi ne shef bandi, wato uban mugaye, mutuwarsa takan zo kusa da ƙarshe kuma ta fi ta kowa muni. Sannan babbar ƙa'idar da ko jariri ya sani: aktar, wato jarumin fim, ba ya mutuwa. Tun farko muka zaɓi aktar ɗinmu, wani ƙato mai damtse da wuƙa ɗaure a ƙauri. Wallahi fim bai kai rabi ba kifin ya raba shi biyu. Zauren ya kaure, har wani ya ce a mayar da kaset baya, ƙila kuskure aka yi. A ƙarshe matar nan mai suyar kifi ce ta tura wani ɗan kwale-kwale, ta bi su, ta faɗa ruwan da take ta hana kowa shiga, ta fito da ɗanta. Muka fito cikin rana muna mutsuke ido, rai a ɓace, kamar an cuce mu a ciniki.

Abin da ya hana mu sakat shi ne kashi na ɗaya. Labarin ya fara ne kamar ka shiga gida ka tarar an gama faɗa, kowa ya yi shiru, ba mai gaya maka me ya faru. Tabon nan daga ina? Rigar wa ce a ƙusa? Me ya sa take zuba wa ruwa ido haka? Duk inda muka haɗu zancen ke nan, a wajen yankan ciyawar awaki, a gonar mahaifin Kyari ta hanyar Gafati muna riƙe da hauya ba ma noman kirki, a kan duwatsun bayan unguwa inda muke harbin ƙadangaru. Kyari ya ce mijinta aka cinye, ita ta kashe kifin, wannan kuma ɗan kifin ne ya zo ramuwa. Wani abokinmu Habu ya ce ƙarya ne, kifi ɗaya ne, bai mutu ba, suma ya yi. Ni na ce uwar kifin ce, don uwa kaɗai ke da irin wannan naci. Har dambe an yi a kai. Ni dai ko tuwo nake ci hankalina yana can, ina ta ɗinka labarin ina warwarewa.

Da ruwa ya zauna, tafkin bayan unguwarmu, inda ake haƙar ƙasar bulo da rani, ya cika ya batse. Nan muka mayar da fim ɗin, amma mun gyara shi yadda ya dace da hankalinmu. Mace ba za ta zama aktar ba, wannan an gama. Ɗanta muka naɗa aktar, shi zai kashe kifi da mashin kara. Kyari, da ya iya nutso kamar kwaɗo, ya zama kifi, aka ɗaura masa sakaina a ka tana tsaga ruwa. Jirgin kuwa bido-bido ne da muka ɗaure da igiyar kaba. Aka raba mai cika baki, mai ba da dariya, shef bandi. Saura matar, wadda a namu fim ɗin ba ta da aiki sai tsayawa a bakin ruwa tana ihu ana yi mata dariya. Ba a ma yi shawara ba, kowa ya juyo ya kalle ni.

Dalili kuwa duk unguwa an sani: Innata ta hana ni shiga tafki. Ba irin hanin sauran iyaye ba, da za a yi faɗa yau gobe a manta. In na dawo daga yawo sai ta jawo ni ta karci ƙaurina da farce, in layin ya fito fari fat ta san ruwan tafki ne, sannan ta shinshina kaina. Ko wankin akuya aka ce a kai bakin ruwa, gara ta sayi garuwa. In na tambayi dalili sai ta ce, "Na hana, shi ne dalili." Amma ta wani gefen ni ɗan gata ne, har ina yi wa abokaina gori. Ni ne babba a ɗakinmu, sai ƙannena mata, kuma kowa ya san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunya take ji. Uwar Kyari ba ta taɓa ce masa Kyari ba, sai "kai wannan", ko ta aiki wani ya kira shi. Ni kuwa Inna sai ta tsaya a tsakar gida ta kwarara kira, "Mutari!" har maƙwabta su ji. Nakan ce wa Kyari tawa uwar ta waye. Ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Haka na zama Madam. Aka samo wani tsumman ɗankwali aka ɗaura mini, aka zana mini tabo da gawayi, ina tsaye a kan tudu ina ɗaga hannu ina ihun su fito, su kuma suna tsakiyar ruwa suna shan daɗinsu. Kai, na ji jiki! A layin famfo Madam, a makarantar allo Madam, har 'yan mata masu tallan gyaɗa suka ɗauka. Na tsani matar nan ta fim, na tsani muryarta, na tsani rigar da ke ƙusarta. Ba abin da nake so a duniya sai in hau bido ɗin nan ko sau ɗaya a kira ni aktar.

Ranar ta zo bayan wani ruwa mai ƙarfi. An tafi da Habu gona, shi ne ke fitowa a ɗan matar, aka rasa aktar. Kyari ya ce, "Madam, ko za ki taɓa?" Kafin su gama dariya na yar da ɗankwalin, na tuɓe riga, na haye jirgi. Ashe ƙanwata Hadiza tana kan hanya da tulu, ta ga komai, ta juya gida a guje. Aka tura ni tsakiya. Ruwan ya fi yadda nake zato sanyi, amma daɗi kamar ya kashe ni. A tsarinmu dole kifi ya kifar da jirgi, aktar ya faɗa ruwa ya yi kururuwa, sannan ya tashi da mashinsa. Sakainar Kyari ta doso ni, ya bangaji bido, na faɗa. Wurin bai wuce ƙirjina ba, ƙafata tana taɓa laka. Na buɗe baki na zuba ihu, kuma ihu dai na iya shi, ai duk damanar shi nake koyo.

Sai na ji wani ihun ya danne nawa. Inna ce. Matar da ba ta leƙa ƙofar gida da rana, ga ta tafe a guje ba mayafi, ba takalmi, hannuwanta fari da garin daka. Ba ta tsaya a bakin ruwa ba. Da zanenta ta afka, tana faɗuwa tana tashi, ita da ba ta iya iyo ba, ga ramukan masu bulo ko'ina a ƙarƙashi. Kuma sunan da take kira ba nawa ba ne. "Sanusi! Sanusi!" Yara suka dubi juna, don babu mai wannan suna a cikinmu. Ta cafko ni ta ɗaga sama kamar jinjiri, tana shafa fuskata, tana duba cikin idona. Kyari ya ɗago daga ruwa da sakaina a ka, baki buɗe, ba wanda ya yi dariya. Na jira duka, ban samu ba. Ta riƙe wuyan hannuna har gida, ruwa yana ɗiga daga zanenta, mutane suna kauce mana a hanya.

Baba baduku ne. Da la'asar ya kira ni zaure inda yake aiki, ya ci gaba da yankan fatarsa bai ɗago ba. Ya ce, "Ba kai ne na fari ba. Kana da wa." Ya ce a Zarmu suke zaune a lokacin, kafin a haife ni. Yaron bai kai girmana ba ya bi yara tafkin da ake shayar da shanu. Inna tana daka, ta jiyo hayaniyarsu daga nesa, ta ɗauka wasa ne, ta ci gaba da dakanta. Bayan haka ba ta iya zaman garin ba, shi ya sa suka taso Damagaram inda ba wanda ya sani. Ya ajiye wuƙar, sannan ya ce, "Tun ranar sunansa har ya koma, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Yau ma sai a bakin mutane na ji an ce ta kira." Na fito tsakar gida na tarar ta koma kan turminta da jiƙaƙƙen zane. Na rasa inda zan sa kaina, kuka ya ƙwace mini, ba na duka ba, na tausayinta.

Ban sake komawa tafkin ba, wasan ma bai ƙara armashi ba, kafin a yi girbi ya mutu. Yau wurin gidaje ne da shaguna, ɗan ramin da ya rage leda ta cika shi. Malam Ari ya rasu, zaurensa ana cajin waya a ciki. 'Ya'yana suna kallon irin finafinan nan a tafin hannu, na ɗaya, na biyu, har na nawa, a jere, ba abin da ke ɓoye musu, kuma ba su taɓa yin dambe a kan wani tabo ba. Sun ce za su nemo mini kashi na ɗayan nawa, na ce su bar shi. Wani lokaci ina kewar zauren nan mai zafi, da abokan da suka watse, wasu Agadas, wasu Kano, wasu ƙasa ta rufe.

Da aka haifa mini ɗan fari na sa masa Sanusi. Uwarsa ba ta kiran sunan, ɗan fari ne. Inna ma, da ta tsufa tana zaune a ɗakinta kusa da namu, Maigida take ce masa, suna ta tsokanar juna. Ni kaɗai ke kiran sunan a gidan nan. Kuma har yau, duk sanda na tsaya a tsakar gida na kira shi, sai na ga Inna ta ɗago kai tana duban ƙofa.